Yadda ake yawon keke a ƙauyukan bakin teku na Zanzibar, ga masu zuwa aikin da'awa

Yaranmu na Sakkwato da ake turawa koyarwa da wa'azi Zanzibar kusan duk kuskure ɗaya suke yi ranar hutunsu ta farko, su ga masu yawon buɗe ido na tuƙa keke a bakin ruwa daga ƙauyen Paje zuwa Jambiani, a gabashin tsibirin, su ce ai mu ma mun san yashi, su hau bayan la'asar, can sai ka gan su sun dawo suna tura keke wando jiƙe har gwiwa. Yashi kam mun sani, teku ce ba mu sani ba.

Farko dai keken. Ka nemi mai faɗin taya, mai giya ko babu duk ɗaya tunda hanyar shimfiɗe take. Masu haya suna da kuɗin baƙi suna da kuɗin 'yan gari, don haka ka tafi da ɗaya daga cikin ɗalibanka ya yi maka ciniki. Ka matsa birki gaba da baya a gabansu, ka ce su rage iskar taya kaɗan, tayar da aka cika tam nutsewa take yi. Jallabiya a bar ta gida, sarƙa na kama ta, wando da riga kawai ka naɗe ƙafar dama.

To ga inda ake faɗuwa. Ruwan nan sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa a kwana guda, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50, wato in abokinka ya bi da ƙarfe 9 ranar Litinin ya ji daɗi, kai in ka bi ƙarfe 9 ranar Juma'a wani labari ne daban. Akwai jadawalin cikar teku a intanet, ka duba lokacin da ruwa zai kai ƙarshen janyewa ka fita kamar awa biyu kafin nan, shi ke nan kana da wajen awa huɗu masu kyau. Kuma wata ne ke jan abin, mu da muka saba jiran sanarwar Sarkin Musulmi lissafin ba zai ba mu wuya ba: farkon wata da tsakiyarsa, wajen 14 da 15, ruwa yana janyewa nesa ƙwarai ya kuma dawo da ƙarfi. A wasu wuraren Jambiani in ya ciko har jikin katangar gidaje da duwatsu yake dukawa, babu inda za ka raɓa, sai dai ka ɗauki keke a kafaɗa ka nemi lungu.

Inda za ka ɗora taya shi ne yashin da ruwa ya sauka daga kansa bai daɗe ba, mai ɗan duhu mai tauri. Farin na sama busasshe ba ya tuƙuwa, na can ƙasa kuma laka ne. In ka hango turaku a jere da igiyoyi ɗaure, mata sun duƙa cikin ruwa iya idon sawu, gonar ciyawar teku ce, da ita suke ci suke biyan kuɗin makarantar yara, ka zagaye ta nesa, kar ka ɗaga waya ka ɗauke su hoto, kai fa malam ake kiranka a garin. Dattijo ka ce masa shikamoo, gaisuwar girmama manya ce da Swahili, kafin komi.

Iska ma a duba. Daga Disamba zuwa Maris daga arewa take busowa, daga wajen Yuni zuwa Satumba daga kudu. Ni ƙa'idata ka fuskance ta a tafiya tun kana da ƙarfi, ta turo ka a dawowa. Afrilu da Mayu kuwa ruwan sama ne, a haƙura.

In azahar ta riske ka alwala da ruwan teku ta halatta, amma masallaci ba ya wuya a ƙauyukan. Mafi yawansu Shafi'iyya ne, za ka ji abin da ya saɓa da namu na Malikiyya, ka bi liman ka yi shiru, ba ranar muhawara ba ce.

Dawowa ka hau kwalta, a hagu ake tuƙi can, ka kula da daladala, motocin hayarsu ke nan. Mai ƙarfi yana iya miƙawa kudu zuwa Makunduchi har Kizimkazi ya ga tsohon masallacin da ke da rubutun shekarar 500 ta Hijira, wato 1107 ta Miladiyya, a bango, amma wannan sai an yi sammako. Kafin ka mayar da keken ka wanke shi da ruwan famfo ka ɗiga wa sarƙa mai, in gishiri ya kwana a jikinta da safe ta yi ja, kuma kai za a ce ka biya.