Yadda Ake Kiyaye Furucin Ƙarshe na Matar da Aka Zalunta Kan Dukiyar Aure a Indiya

A Indiya, duk da dokar 1961 da ta haramta neman kuɗi ko kaya daga iyayen amarya, har yau ana ƙuntata wa mata a gidan miji saboda wannan dukiya, kuma idan abin ya kai ga rasa rai, shari'a takan rataya ne a kan furucin ƙarshe na matar, wato bayaninta da aka rubuta a asibiti kafin ta rasu. Saboda haka, da zarar an kwantar da 'yar'uwarku da ƙuna ko guba, ku matsa wa 'yan sanda su kira majistare ya ɗauki bayaninta tun tana cikin hayyacinta.

Ku roƙi likita ya rubuta a takardar cewa hankalinta na nan daram. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Laxman, a 2002, cewa rashin wannan rubutu ba ya rushe bayanin, amma nan ne lauyan wanda ake tuhuma zai fara kai farmaki. A rubuta maganarta da harshenta da kalmominta, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Kowa ya fita daga ɗakin, har ku danginta, don kada a ce an kitsa mata. Dangin miji kuwa fitarsu ta fi zama dole, domin sau da yawa mace takan ce risho ne ya fashe muddin surukarta na tsaye a kanta, sai daga baya ta faɗi gaskiya, kuma saɓanin furuci biyu yana raunana ƙara ƙwarai. Furuci guda ingantacce ya isa a hukunta mutum, kamar yadda kotun ta tabbatar a shari'ar Khushal Rao.

Sannan ku tattara saƙonnin waya, da shaidar tura kuɗi, da ranakun da ta kawo kuka gida. Sashe na 80 na sabon kundin laifuffuka, wanda ya maye gurbin sashe na 304B na tsohon kundin a Yulin 2024, yana aiki ne idan ta mutu sakamakon ƙuna, rauni ko wani yanayi da ba na al'ada ba cikin shekara 7 da aure, aka kuma nuna an musguna mata kan dukiyar gab da mutuwarta. Daga nan kotu za ta ɗauka mai musgunawar ne ya jawo mutuwar har sai ya wanke kansa, hukuncin kuwa daga ɗaurin shekara 7 ne zuwa rai da rai.

Idan ta rayu, ta shigar da ƙarar zaluncin miji ƙarƙashin sashe na 85. Idan ta rasu, kada ku yarda a yi jana'iza kafin likitoci su binciki gawar.