Yadda za ka canza tapi na murfin akwatunan bayan tsohuwar mota

Masu tsohuwar Peugeot 504 ko Marsandi irin ta da, ku matso. A bayan motar akwai ƴan akwatunan nan da ake aje jak da kile da tarkace, murfinsu an lulluɓe shi da tapi, kuma shi ne ke fara mutuwa, rana ta ci shi, ƙurar Yamai ta shige shi, wani lokaci man birki ya zube bisa. Ni tawa 504 ce, gadon baba, kuma da hannuna na yi aikin nan a ƙofar gida saboda kuɗin da mai tapisiri ya yanka mini sai da na yi dariya.

Kafin ka taɓa komi ɗauki waya ka yi hoto, ta sama da ta ƙasa. Sannan ka kwance bis ɗin da ke riƙe da murfin da turnabis, ka zuba su cikin gwangwanin tumati, kar ka aje su ƙasa wallahi rairayi zai haɗiye su kuma irinsu ba ko'ina ake samu ba. In murfin na da ƙarfe ko roba da ta zagaye bakinshi, ko ɗan maƙulli a tsakiya, a hankali za ka ɓanɓare, robar da ta shekara arba'in tana shan zafi karyewa take kamar ƙuli-ƙuli.

Tsohon tapin kar ka fizge shi. Ka fara daga kusurwa guda kana tura wuƙa marar kaifi a ƙarƙashi, don yawanci allon cikin ba ƙarfe ba ne, katako ne na bugi mai kama da kwali, in ka ja da ƙarfi sai fatar allon ta biyo tapin. Kuma tsohon tapin kar ka yar da shi, shi ne ma'auninka. In allon ya sha ruwa ya kumbura to kar ka wahalar da kanka, je kasuwar Katako a yanko maka falanke siriri daidai kaurin na da.

Inda aikin yake shi ne kankare tsohon kol, wato abin da aka manna tapin da shi. Nan mutane ke gajiya su ce ai ya isa, su shafa sabo bisa tsoho, bayan sati biyu tapin ya tashi ya yi tulluwa. Ka kankare, ka bi da sanfefa har hannunka ya ji sumul. Wasu na zuba isansi ko tina, ni ban so, yana jiƙa allon kuma yana cin roba.

Wajen sayen sabon tapi ka nemi marar kauri, mai lanƙwasuwa. Irin na falo mai taushin nan yana da kyau a ido amma murfin ba zai rufe ba. Ka shimfiɗa shi ta baya, ka ɗora allon, ka zana da alli, ka bar kamar santimita 3 ko wane gefe na naɗewa. To ga inda ni na sha kunya, gashin tapi yana da inda ya kwanta, shafa shi da hannu za ka ji. Na yanka murfi biyu ɗaya gashin ya dubi gaba ɗaya ya dubi baya, da na maida su cikin mota sai ka rantse kala biyu ne, ƙanena ya ce "Yaya, ragowar shago aka haɗa maka?" Dole na sake yanka.

Kol ɗin shi ne irin na masu gyaran takalmi, mai wari. Ka shafa siriri a allon, ka shafa a bayan tapin, ka bari ya sha iska minti goma ko sha biyar har ka taɓa da yatsa bai biyo ka ba, lokacin zafin Afrilu ma bai kai haka. A waje za ka yi, cikin inuwa, kuma don Allah a matsar da kaskon shayi da masu sigari, abin nan kama wuta yake nan take. In fuskokin biyu sun haɗu sun haɗu ke nan, ba gyara, shi ya sa za ka fara daga tsakiya kana murzawa da kwalba zuwa gefe. A kusurwa ka yanke ɗan yanki kamar bakin almakashi kafin ka naɗe, in ba haka ba ya taru ya yi ƙullutu.

Ramukan bis kar ka sa injin huji, yana kama zare ya warware maka tapin. Ƙusa za ka gasa ta yi ja ka huda, amma sai washegari bayan kol ya bushe sarai. Ka ɗora bulo bisa murfin ya kwana, da safe ka maida ƙarfen bakin, ka ɗaura bis ɗin sako-sako tukuna, ka rufe ka buɗe ka ga ya zauna daidai, sannan ka tamke.