Mai Shan Maganin Ciwon Damuwa, Ga Abin Da Za Ka Tarar A Yamai

Ɗan'uwa, in ka baro Sakkwato, Kano ko Katsina ka sauka Yamai alhali kana kan maganin ciwon damuwa mai tsanani, babban haɗarinka shi ne maganin ya yanke maka a watan farko, kana tsakar neman masauki da takardu. Wanda ya katse shi farat ɗaya yakan fara jin jiri, tashin zuciya, rashin barci da saurin fushi cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ciwon ya dawo, wani lokaci ya fi na da nauyi. Saboda haka ka taho da abin da zai kai ka wata biyu, a cikin kwalinsa, tare da takardar likitanka mai ɗauke da sunan maganin na asali da yawan miligiram.

Sunan asalin nan shi ne zai fisshe ka a farmasi, domin magungunan nan galibi da sunayensu na Faransa ake saninsu. Amitriptyline shi ne Laroxyl, fluoxetine shi ne Prozac, sertraline kuma Zoloft. A kula da Laroxyl: akwai na ƙwaya, akwai na ɗigo, kuma ɗigo ɗaya miligiram 1 ne. Mai shan miligiram 50 da aka ba shi kwalba, ɗigo 50 zai ƙirga, kada ya auna da cokali. Da dare da ranakun hutu kuwa farmasi-farmasin gari suna gadi bi da bi, sai ka tambayi wacce ke buɗe a makon.

Ka nemi likitan ƙwaƙwalwa tun kafin guzurinka ya kai rabi. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda mutanen gari ke kira Pavillon E. Sunan yana tsorata wasu, har ana zolayar juna da shi, amma can ƙwararrun suke, kuma zuwa ganin likita ba ya nufin za a kwantar da kai. Ma'aikata da yawa suna jin Hausa. In aka haɗa ka da mai Zabarmanci da Faransanci kaɗai, ka roƙi tafinta daga cikin ma'aikata. Kada ka sa ɗanka ko maigidanka a tsakani, domin akwai maganar da ba za ka iya faɗa a gabansu ba, ita ce kuwa likita ya fi buƙatar ji.

Wanda a nan ne zai fara shan magani, ya san cewa ba ya aiki kamar na ciwon kai. Sai mako 2 zuwa 4 kafin sauƙi ya bayyana, wani ma sai mako 6, alhali illolinsa tun makon farko suke zuwa. Fluoxetine, wanda aka fi tsayawa a miligiram 20 da safe, yana kawo tashin zuciya da ƙarancin barci. Amitriptyline akan fara da miligiram 25 da dare, likita yana ƙarawa a hankali; yana busar da baki, yana ƙulle ciki, yana rage gumi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ka yawaita shan ruwa, ka kauce wa rana tsaka. Bayan an samu sauƙi akan ci gaba da sha wata 9 zuwa 12, a ƙarshe a riƙa ragewa sannu a hankali. Mai azumi ya nemi likita ya mayar masa da shan magani lokacin sahur ko bayan buɗa-baki.

Maganin 'yan talla da ke yini a rana kan tire, ka bar musu abinsu. Tramol kuwa ko kusa da shi kada ka je, domin haɗuwarsa da waɗannan magunguna tana iya kawo farfaɗiya, ko zazzaɓi da karkarwa da rikicewar hankali. In zazzaɓin sauro ya kama ka, ka faɗa wa mai rubuta magani abin da kake sha, saboda Coartem, maganin zazzaɓin, ba ya jituwa da amitriptyline. In ka taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, kana zuba surutu da ɓarnar kuɗi, lallai likita ya ji wannan kafin ya rubuta komai, don maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da wannan halin.

A ciwo mai tsanani, haɗa magani da zaman tattaunawa ya fi kowanne shi kaɗai amfani. Akan zauna da masanin halayyar ɗan Adam sau ɗaya a mako, kamar awa guda, na tsawon wata biyu zuwa huɗu. Zai ba ka aikin gida: ka rubuta tunanin da ke danne ka, ka koma kan ƙananan abubuwan da ka bari, kamar fita sallar jam'i ko zama a fada wurin shan shayi. Baƙunta ita kanta tana ciyar da ciwon nan, shi ya sa muke matsa maka ka nemi mutanen garinku tun da wuri. Addu'a da ruƙiyya ka riƙe su, amma duk wanda ya ce ka ajiye ƙwaya don su, kada ka saurare shi.

Mai masauki, kai ma akwai naka. Makonnin farko sun fi haɗari, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera, ka karɓi ƙwayoyin kana ba shi na rana-rana, tunda amitriptyline da yawa yana tsayar da zuciya. In ya riga ya sha, ko ya daina ci da sha, a kai shi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne, a tafi da kwalin maganin.