Yadda ake auna sinadarin kumfa a sabulun ruwa da ilektrod

Kafin ka taɓa mita, wato na'urar da ke karanta ilektrod (sandar awo da ake tsomawa cikin ruwan), ka raba kofunan gilashinka da Omo. Na ga ɗalibai a nan Kaduna sun wanke kofi da garin wanki, sun ɗauraye sama-sama, sannan suka zuba samfurin da za su auna. Abin da suke nema shi suka shafa wa kofin da hannunsu! Wannan sinadari yana liƙewa a jikin gilashi, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Ni dokata ita ce tataccen ruwa (distilled water) sau uku, sai ɗan etanol, sai tataccen ruwa kuma. Ruwan leda ba tataccen ruwa ba ne, duk arharsa.

To, sai haɗi. Narka giram 1.15 na SDS (sodium dodecyl sulfate, tsantsar sinadarin kumfa) a lita ɗaya, ka samu 0.004 M (mol a kowace lita). Shi ne ma'auninka. Hyamine 1622 kuwa, sinadarin da za ka riƙa ɗigawa a samfurin, giram 1.79 a lita, ƙarfinsu ɗaya. Suna kama juna ɗaya da ɗaya, shi ya sa lissafin ba wuya. Hyamine na da tsada, a Kasuwar Barci ba za ka same shi ba, don haka rabin lita ya ishe ka.

Inda na sha wuya shi ne ilektrod na biyu, wanda ake gwada na farko (mai jin sinadarin kumfa) da shi. Na bar masa ruwan KCl, gishirin fotasiyam, a ciki yadda ya zo. Ashe fotasiyam da SDS ba sa ga maciji: wani farin gari ya riƙa taruwa a bakinsa, lambobi suka yi ta yawo kamar akuyar da ta tsinke. Mako guda ina zargin wutar lantarki, har janareto na sa aka tayar. Ka nemi ilektrod mai ɗaki biyu (double junction), ka cika na waje da ruwan NaCl, wato tsantsar gishiri. Da sanyin hunturu farin garin ya fi saurin fitowa.

Sauran mai sauƙi ne. Tsarma samfurin, ka sauke pH (ma'aunin tsami) zuwa 3 da asid ɗin HCl. Juya a hankali kada kumfa ta tashi. Awo biyu na farko ka yi su da SDS, ka zubar da sakamakonsu, ilektrod ne ke farkawa. Ɗiga Hyamine kaɗan-kaɗan kana rubuta milibolt ɗin da mita ke nunawa, inda lambar ta yi tsalle nan ne ƙarshe. Ninka mililitar da ka ɗiga da 0.004, ka samu milimol na sinadarin kumfa da ke cikin samfurin.