Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a binciken kafafen sada zumunta

Duk shekara sai kundayen digiri masu take irin "tasirin kafafen sada zumunta a kan tarbiyyar matasa" sun biyo ta hannuna, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe. Ɗalibi ya riga ya yanke hukunci tun bai raba takardar tambayoyi ko ɗaya ba: waya ta ɓata yara. Abin da ya rage masa shi ne neman alƙaluman da za su mara masa baya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ga abu biyu suna tafiya tare, a ce ɗaya ne ya haifi ɗayan. Ka gano cewa waɗanda suka fi daɗewa a TikTok sun fi fama da damuwa. To, TikTok ɗin ne ya jawo damuwar, ko kuwa damuwar ce ta hana su barci suka koma danna waya? Tambayoyin da aka raba a rana guda ba za su raba wannan gardama ba. A 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka ga amfani da na'urori bai da alhakin fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu. Masu neman gano musabbabi kuwa gwaji suke yi. A 2018, Hunt Allcott da abokan aikinsa sun biya wasu Amurkawa kuɗi suka rufe Facebook ɗinsu na mako huɗu, aka kwatanta su da waɗanda ba su rufe ba. In ba ka da halin yin haka, rubuta "akwai alaƙa", ka ajiye "yana jawo".

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini aiki a kan "matasan Arewa". Na ce, "A ina ka raba tambayoyin?" Ya ce, "Malam, a ajinmu, bayan lacca." Ina yaron shago a Kantin Kwari, ina yarinyar ƙauye da ke aron wayar yayanta ta saurari saƙon murya? Ko dai ka je inda suke, ko ka rage taken ya tsaya a kan ɗaliban sashenku. Babu abin kunya a wannan.

Haka tambayar "awa nawa kake yi a waya?" Mutane kintata suke yi. Roƙi mai amsa ya buɗe inda wayarsa ke ƙirga lokacin, ka kwafi abin da ta nuna.

Sai jingina kan Twitter, wanda yanzu ake kira X. Binciken masanan jami'ar MIT ta Amurka na 2018, wanda ya nuna ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa, a kan Twitter aka yi shi, don a lokacin bayanansa na da sauƙin samu. Mu kuwa jita-jitarmu a WhatsApp ta fi gudu, cikin murya, a guruf ɗin dangi da na unguwa inda manhajar tattara bayanai ba ta shiga. Ka kuma tuna an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, don haka muryoyin da ke Twitter a wannan lokacin na masu VPN ne, wato manhajar da ake tsallake toshewa da ita. In kana lalubo kalmomi, nemi "ƙarya" da "karya" da "qarya", domin kowa da yadda yake rubuta Hausarsa.

Batun amana ma ana sakaci da shi. Facebook ya sha suka a 2014 da aka gano ya sauya abin da mutane 689,003 ke gani don gwada yanayin zuciyarsu, ba tare da saninsu ba. Na sha buɗe rataye na kundi in tarar da hoton hirar guruf, sunaye da lambobin waya a fili. Nemi izinin 'yan guruf ɗin tukuna, ka goge suna da lamba kafin ka kai wurin buga takarda, kuma ka karanta dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kafin ka fara tattarawa.