Yadda Ake Saita Leza Kan Layin Rubidiyam

Ana maganar lezar diyod mai giratin a waje ne, ana so a kai haskenta kan layin rubidiyam, wato daidai hasken da sinadarin rubidiyam ke sha. Kafin komai sa tabarau na kariya, hasken nanomita 780 da kyar ido ke ganinsa amma yana iya ƙona ido, kar ka yi wasa da wannan.

Da farko kunna na'urar daidaita zafi kafin ka ba diyod (ɗan ƙaramin abin da ke fitar da hasken leza) wuta, ka bar ta ta zauna kamar minti 20 ko fiye, in ka yi gaggawa tsawon zangon hasken (wavelength) zai yi ta yawo kana binsa.

Sai ka ƙara karant (wutar da ke shiga diyod) a hankali har ka kusa inda diyod ke fara fitar da leza, a nan ka juya sukurun sama da ƙasa na giratin (faranti mai siraran layuka da ke maido ɗan haske cikin diyod) kaɗan kaɗan, in hasken da ke komawa ciki ya daidaita za ka ga ɗigon lezar ya yi haske farat ɗaya a kan katin infrared (katin da ke nuna hasken da ido ba ya gani sosai). Rage karant ka maimaita. Wannan wajen ne mutane ke tsallakewa, kuma yawanci shi ne matsalar.

Bayan nan duba mitar zango (abin auna tsawon zangon haske), kana neman wajen terahaz 384.23, wato nanomita 780 ɗin nan, juya giratin gefe zuwa gefe har ka kusa, sauran kuma fiyezo (ɗan abin da ke motsa giratin kaɗan kaɗan da lantarki) ne zai yi. Tura ɗan haske cikin kwalbar tururin rubidiyam ka leƙa da kyamarar infrared, in kwalbar ta yi ƙyalli ka iso.

In siginar hasken na tsalle lokacin shara da fiyezo (wato sa tsawon zangon ya yi ta kai-komo), taɓa karant kaɗan ko zafi. In ya ƙi, duba aisoleta (abin da ke hana haske komawa cikin leza), wataƙila wani madubi ne ke maido haske cikin diyod.