Darasi na Shida: Yadda Ake Tarbar Ɗan Gudun Hijira Mai Fama da Firgici

Tun wajen shekarar 2011 da rikicin 'yan bindigar daji ya fara ƙamari a Zamfara, da wuya a sami garin da bai sauki baƙin dole ba. A Gusau da Anka da Tsafe da Shinkafi da Zurmi akwai waɗanda suka baro gonaki da rumbuna cikin dare, wasu suna raɓe a gidajen dangi, wasu a makarantu da kangwaye, wasu kuma sun tsallaka har jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mun san yadda ake ba baƙo abinci da tabarma. Abin da wannan darasi zai koya mana shi ne yadda za mu kula da raunin da ba ya zubar da jini, wato firgicin da ke zaune a zuciyar wanda ya ga kisa, ko aka yi garkuwa da shi, ko aka ƙona garinsu a kan idonsa.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Mutum zai kasa barci, ko ya farka a razane saboda mafarkin abin da ya faru. Da ya ji ƙarar babura gabansa zai faɗi, jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa, kamar a lokacin ake kawo harin. Wani yakan ƙi bin hanyar da za ta tuna masa da ranar, wani ya yi tagumi ya daina magana, wani kuma ya zama mai saurin fushi alhali da can mai sanyin hali ne. Yaro yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya manne wa uwarsa ya ƙi yarda ta gusa.

A makonnin farko waɗannan abubuwa ba taɓin hankali ba ne, kuma kada mu bari kowa ya kira su haka. Jiki ne da zuciya suke ci gaba da tsaro bayan haɗarin ya wuce, kuma yawancin mutane sukan samu sauƙi da kansu idan suka sami kwanciyar hankali da kulawar 'yan'uwa. Sai alamomin sun wuce wata 1 suna hana mutum gudanar da al'amuransa ne likitoci suke kiransa ciwon damuwar da ke biyo bayan tashin hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a yankunan da ke fama da rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kamar wannan ciwo ko baƙin ciki mai tsanani ko fargaba.

A nan ne ya kamata mu dubi al'adarmu ta jaje da idon basira. Al'ada ce mai kyau, domin tana nuna wa wanda masifa ta afka wa cewa yana da jama'a. Sai dai idan mutum 20 suka shigo ɗaki a yini guda, kowa ya zauna ya ce, "Yaya abin ya faru?", mun sa baiwar Allah ta sake ganin mutuwar mijinta sau 20 kafin magariba. Kunya da kara ba za su bar ta ta ce ta gaji ba. Masana sun gwada hanyar zaunar da mutum a sa shi ya zayyana abin da ya gani dalla-dalla jim kaɗan bayan faruwarsa, suka ga ba ta hana ciwon, har ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa yin haka. Saboda haka a gaishe ta, a yi mata addu'a, a zauna kusa da ita ko da shiru ne. In ta fara ba da labari da kanta a saurara, kada a katse ta, kada kuma a kai maganar zaure ko bakin rijiya. Haka nan kalmar "yi haƙuri" tana da wurinta, amma in aka faɗe ta don a tsayar da kukan mutum, ko aka haɗa ta da "ai wasu sun fi ki shan wahala", sai ta rufe masa baki, ciwon kuwa yana nan.

Taimakon farko da hukumar ta tsara a 2011 bai buƙaci mutum ya zama likita ba. Da farko a duba: wurin yana da tsaro, akwai mai rauni a jiki, akwai wanda ya fi kowa ruɗewa? Sai a matsa kusa a yi tambaya cikin ladabi, misali a ce, "Sannu Inna, kin iso cikin 'yan'uwa, me kike buƙata yanzu?" Sau da yawa amsar takan zama ruwan sha, ko zane, ko labarin ɗan da suka rabu a daji, kuma biyan wannan buƙata shi ne maganin ranar. Daga nan sai a haɗa ta da danginta, da mai unguwa, da inda ake rabon kayan agaji, a faɗa mata gaskiyar abin da aka sani ba tare da alkawarin da ba za a iya cikawa ba. Mace ta fi sakewa da mace 'yar'uwarta, musamman idan an keta mata haddi. Irin wannan kuwa a kai ta asibiti a asirce kafin awa 72 su cika da faruwar abin, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki.

Idan razana ta taso wa mutum a gabanka, ka sassauta murya, ka zaunar da shi ya dasa ƙafafunsa a ƙasa, ku ja numfashi tare a hankali, sannan ka ce ya ambaci abubuwan da yake gani a ɗakin, don hankalinsa ya dawo inda yake. Kada a garzaya kemis a sayo masa ƙwayar barci, domin irinsu Valium ba sa warkar da wannan ciwo, kuma jiki yana saurin sabawa da su. Abin da ya fi amfani shi ne a mayar masa da abin da ya saba: sallar jam'i, ƙaramar sana'a, hira da tsararraki, yara kuma su koma makarantar allo da boko da wasa.

Mutanenmu da yawa za su ce shafar aljanu ce, su nemi malami. Addu'a da karatu suna sanyaya zuciya, babu mai hana su, amma kada su hana zuwa asibiti, kuma ɗaure mutum ko dukansa zalunci ne da ke ƙara masa firgici. Wanda ya ce ya gaji da duniya ko yana son hallaka kansa, da wanda ya daina ci da sha, da wanda ba ya gane mutane ko yake jin muryoyin da babu su, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar. Wanda alamominsa suka haura wata 1 shi ma a kai shi, domin ciwon yana warkewa ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre. Daga ƙaramin asibiti ana iya tura mara lafiya Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta jimla 3 da zai faɗa wa baƙon da ya tsere daga hari, sannan ya nemi sunan asibitin da ya fi kusa da unguwarsu ya rubuta shi a bangon littafinsa.